Ƙyaure Mai Lamba Sha Ɗaya

Ni na kawo tsarin lambobi ƙungiyar kafintoci, wata huɗu bayan dawowata daga karatu. Sun ɗauke ni sakatariyar horo don na iya rubuta irin wasiƙar da kamfanoni ke karantawa, kuma don Baba yana cikin kwamitin jarrabawa tun kafin a haife ni. Ofishina ɗaki ne guda a saman zauren taro. Tebur ɗaya, kabad mai makulli, da fanka da ke juyawa idan ta ga dama.

Kafin zuwana, yaye ɗan koyo magana ce ta baki. Maigida ya ce yaronsa ya iya, a sha shayi, a buga masa hatimi a takarda. Da kamfanonin gini suka daina yarda da takardar, sai na rubuta sabon tsari. Duk mai neman shaida zai zo zaure, a ba shi katako da zane, ya haɗa ƙyaure cikin kwana biyu. Ba suna a jikin aikin, sai lamba. Takardar da ta haɗa lamba da suna tana kabad ɗina. Alƙalai uku za su duba su ba da maki. A ƙasan fom ɗin makin na bar layi guda don babban aibi: idan biyu daga cikinsu suka sa hannu a wurin, mutum ya faɗi, komai yawan makinsa. Na yi alfahari da tsarin. Na ce da su yanzu ba wanda zai ci don ɗan wane ne.

Cikin mutum goma sha bakwai da suka yi rajista a shekarar akwai Bahago, ɗan Goggo, ƙanwar Baba. Shekararsa talatin da ɗaya, da mata da 'ya'ya biyu. Shekara goma sha ɗaya yana shagon Baba, kuma har ranar ana kiransa ɗan koyo. Wani kamfani da ke gina babban otal a bakin gari yana neman kafintocin aikin ciki goma sha biyu, aikin shekara biyu. Foman ɗinsu ya ga wani kabad da Bahago ya yi, ya ce ya ajiye masa gurbi, ya kawo shaidar ƙungiya kawai kafin talatin ga wata. Ranar za a rufe sunaye.

Ana saura mako guda jarrabawa na biya ta shagon da takardar gayyata. Bahago na kan benci yana haɗa ƙyauren wani mai kanti, fensir a bayan kunnen hagu, dusar katako har cikin girarsa. Baba na zaune a kujerarsa ta bakin ƙofa, hannuwansa cikin aljihu.

"Ga Sakatariya," in ji Bahago. "A share mata wuri, kada takalmin turai ya ɓaci."

"Karɓi takardarka. Ƙarfe takwas, ba takwas ɗin kafintoci ba."

"Ki faɗa min abin da za a ba mu, in yi miki kujera."

"Kujerar da ka yi min alkawari tun ina firamare?"

"Katakon ne bai bushe ba."

Ya zura allon tsakiya cikin tsagin da ya yanka a jikin firam ɗin. Allon ya shiga sumul. Na ga ya shafa gam a kusurwoyi huɗu inda firam ya haɗu, amma bai sa ko ɗigo a tsagin ba. Na tambaye shi ko ya manta.

Baba ne ya amsa daga kujerarsa, bai ko juyo ba.

"Allon tsakiya ba a sa masa gam. Da damina yana kumbura, da rani yana tsukewa. Idan ka liƙe shi, zai tsage a gidan mutane, su zo su zage ka. A bar masa wurin motsi. Abin da na fara koya wa wannan ke nan."

"Da mari," in ji Bahago.

"Mari ɗaya ne."

"Uku, Kawu. Na ƙirga."

Baba ya yi dariya. Na ajiye takardar a kan benci na tafi.

Ranar jarrabawa kowa ya ja lamba daga cikin hula. Bahago ya ja sha ɗaya. Na rubuta, na kulle takardar. Kwana biyu zauren ba ka jin komai sai zarto da guduma. Na riƙa zagawa da agogo a hannu. Wasu sun gama tun kafin azahar ta rana ta biyu suna hira a waje. Bahago ya yi amfani da lokacinsa har minti na ƙarshe, ya goge alamun fensir da samfefa kamar yadda doka ta ce, ya jingina ƙyaurensa a bango, ya share wurinsa.

Washegari da hantsi alƙalai suka zo. Shugaban ƙungiya, wanda ya daɗe da barin zarto ya koma sayar da katako. Mai Rufi, wanda aikinsa a saman gini yake, ƙyaure bai cika damunsa ba. Sai Baba. Na kulle zauren na bi su da fom-fom.

Daga na ɗaya zuwa na goma Baba bai taɓa komai ba. Ya duba, ya faɗi maki, na rubuta. A na sha ɗaya ya tsaya. Ya fito da hannu ɗaya daga aljihu ya bi gefen firam ɗin da babban yatsa, daga sama har ƙasa, ya sake komawa. Ya daɗe.

"Wannan ai ba na jarrabawa ba ne, na ɗakin amarya ne," in ji Mai Rufi. "Idan an gama a ba ni."

"Ɗaga shi," in ji Baba.

Mai Rufi ya ɗaga.

"Girgiza."

Ya girgiza. Allon tsakiya ya yi ɗan ƙara a cikin tsaginsa, ƙas-ƙas, kamar an taɓa tebur da farce.

"Kun ji? Sakatariya, karanta mana layi na shida."

Na karanta. Ni na rubuta shi, daga wani fom da na zo da shi a jaka na fassara. "Aiki ya zauna daram, kada wani sashe nasa ya yi motsi."

"Yana motsi ko ba ya motsi?"

"Baba, ai haɗin kusurwa ake nufi. Allon tsakiya kai da kanka..."

"Ke alƙaliya ce?"

In na ƙara kalma ɗaya, na nuna na san mai ƙyauren kuma ina kare shi, a gaban mutanen da na yi wata uku ina koya wa cewa ba a yin haka.

Baba ya karɓi biro. Ya riƙe shi da hannu biyu ya sa hannu a layin babban aibi. Shugaba ya kalli ƙyauren, ya kalli Baba, ya karɓi biron shi ma.

"Ni dai a sanina haka ake barinsa," in ji Mai Rufi.

"A saninka na kwano da ƙusa," in ji Shugaba. Suka yi dariya. Mai Rufi bai sa hannu ba, amma biyu sun isa. Suka wuce na sha biyu.

Da suka tafi na kulle kaina a zauren na ɗaga ƙyauren nan ɗaya bayan ɗaya ina girgizawa. Suna da nauyi, sai da kafaɗata ta yi tsami. Goma sha huɗu an liƙe allonsu da gam, ba su ce uffan ba. Uku sun yi ƙara: na huɗu, na sha ɗaya, da na sha biyar. Na huɗu da na sha biyar sun ci. Ba wanda ya ce a ɗaga su.

Da la'asar na sami Baba shi kaɗai a shago. Ya aiki Bahago kasuwar katako.

"Ka san nasa ne."

"Ba suna a jiki. Ke kika tsara."

"Baba."

Wata mota ta wuce ta tayar da dusar da ke bakin ƙofa.

"Bahago ta hagu yake shigar da kurfin sassaƙa," ya ce. "Ko ya goge da samfefa, yatsa yana ji. Shekara sha ɗaya ina shafa aikinsa. Lambarki ba za ta ɓoye min shi ba."

"Ka kayar da shi da abin da ka koya masa."

"Na kayar da shi da abin da kika rubuta."

"Na huɗu ma yana motsi. Na sha biyar ma."

"Ban ji su ba."

Ya fito da hannuwansa duka biyu ya ɗora a kan gwiwa. Na san suna rawa. Duk gida an sani, ba a dai faɗa. Ban san sun kai haka ba. Yatsun ba su tsaya ba ko na daƙiƙa.

"Shekara uku ban yanka haɗi ko ɗaya ba," ya ce. "Duk ƙyauren da ya fita daga nan da sunana, hannunsa ne. Mutane na zuwa don sunana. Idan ya tafi, suna zan ba su su rufe ɗaki da shi?"

"Da ka gaya masa."

"In ce masa me? Kada ka ci gaba, ka zauna ka riƙe ni? Zai ce to, sannan ya tsane ni. Haka ya fi. Ya faɗi jarrabawa, kowa na faɗuwa. Baɗi ya ci. Ni zan miƙa masa takardar da kaina."

"Kamfanin ba zai jira baɗi ba."

"Na sani."

Ya mayar da hannuwan aljihu.

"Ranar da ubansa ya rasu ni na je na ɗauko shi, ko takalmi babu a ƙafarsa. Ni na yi masa aure. Ke kuma, shekara biyar ɗin da kika yi a can kina koyon rubuta layi na shida, daga ina kike tsammani kuɗin suka fito? Daga wannan bencin. Kada ki tsaya a kaina kamar kin fi ni tsarki."

Na ɗauki jakata.

"Ba za ki gaya masa ba," ya ce a bayana. Bai yi shi kamar tambaya ba.

Ranar Litinin na manna sakamako a ƙofar zaure, lambobi kawai. Ina sama ina jin su suna taya juna murna. Can sai na ji takun Bahago a matakala. Ya shigo bai yi min tsiyar komai ba, ya zauna.

"An yi kuskure, Sakatariya. Sha ɗaya ba ta cikin waɗanda suka ci."

Na ba shi kwafin fom ɗinsa. Doka ta ba shi dama ya gani, sai dai ba a nuna sa hannun alƙalai. Ya bi makin da yatsa. Haɗi, goma cikin goma. Awo, goma. Gogewa, tara. Ya kai ƙasa ya karanta a hankali, leɓensa na motsi.

Sai ya yi dariya, har da jingina baya.

"Allon tsakiya? Haba. Wannan aikin Mai Rufi ne. Mutumin da duk abin da ya gani sai ya buga masa ƙusa. Ba komai, Kawu zai yi musu bayani."

Na ɗaga kai na kalli fanka.

"Ai Kawu na wurin. Ko ya fita ne lokacin?"

"Yana wurin."

"To bai gaya musu ba?"

Fankar ta tsaya. Na yi kwana biyu ina shirya yadda zan kauce wa wannan tambayar, kuma duk abin da na shirya ƙarya ne.

"Shi ya ce a girgiza."

Ya kalle ni. Ya sake kallon fom ɗin.

"Bai san nawa ba ne."

"Ya sani."

"Ya gaya miki?"

"E."

Ya ninke takardar biyu, ya sake ninkewa, ya danne gefen da farce har ya yi kaifi. Ban taɓa ganin hannunsa ba abin yi ba.

"Daren da zan fara jarrabawar," ya ce, "shi ya ba ni kurfinsa, wanda ba ya bari kowa ya taɓa. Ya ce in yi yadda ya koya min, kada in ji tsoron takarda."

Na ce masa akwai hanya. Doka ta ba da kwana bakwai a ɗaukaka ƙara. Zan rubuta, ya sa hannu, ni kuma zan ba da shaida kan na huɗu da na sha biyar.

"Ki ba da shaida a kan ubanki?"

"A kan ƙyaure."

"Goggonki za ta tsine min."

"Gurbin naka ne, ba na Goggo ba."

Ya daɗe yana kallon tebur ɗin, kamar yana neman inda mai shi ya yi kuskure. Sannan ya ce in rubuta. Na rubuta a gabansa, shafi ɗaya. Ya sa hannu.

Shugaba na same shi a rumfarsa ta katako, yana zaune a kan tarin falanki yana shan shayi. Ya karanta wasiƙar yana riƙe da ita nesa da fuskarsa.

"'Yata, kin iya rubutu. Allah ya ƙara basira."

"Yaushe za a zauna?"

"Zauna mana tukuna. A kawo miki shayi?"

"Na gode, na sha."

"Kin san wa ya ba da katakon da aka yi rufin zauren can? Kin san wa ya koya wa rabin masu shagon garin nan riƙon zarto? Kina so mu taru a gaban yara mu ce dattijon nan ya yi ha'inci. Ubanki."

"Ina so a sake duba ƙyaure ɗaya."

"Ai na duba shi. Ƙyaure ne mai kyau." Ya kurɓi shayi. "Ni ma na san ba a sa wa allon tsakiya gam. Kafin a haife ki na sani."

"Amma ka sa hannu."

"Na ga ya sa, na sa. Mutum ba ya sa hannu a kan yaronsa sai da dalili. Tsakaninsu ne. Ke kin daɗe ba kya nan, shi ya sa kike ganin komai a takarda yake ƙarewa."

"Doka ta ce a zauna."

"Za a zauna. Mu ai masu bin doka ne." Ya jawo kalandar da ke rataye a ƙusa ya bi ta da yatsa. "Uku ga wata mai zuwa."

"Kamfani zai rufe sunaye ranar talatin."

"Kamfani ba shi ke tsara mana zama ba."

"Saura mako biyu kafin ranar. Ko gobe za a iya zama, aikin minti goma ne."

"Mai Rufi yana da aiki a wajen gari. Ni kuma ina jiran kaya." Ya ninke wasiƙar ya sa a aljihu. "Layin nan na shida kuwa, ki gyara shi kafin baɗi. Kin ga ko ba komai an amfana."

Na je wurin foman ɗin kamfani da kaina. Ya saurare ni a tsaye, hular kwano a hannu. Ya ce ya san aikin mutumin, shi ma yana so, amma ofishinsu ba ya karɓar labari, takarda yake karɓa. Na tambaya ko wasiƙa daga gare ni za ta yi. Ya tambaya ko tana da hatimin Shugaba. Na ce a'a. Ya sa hularsa.

Hatimin yana cikin kabad ɗina. Na buɗe na kalle shi sau biyu a makon. Ban ɗauka ba. Idan aka gano, shaidar mutum goma sha uku da suka ci da gaskiya za ta zama takardar banza tare da tasa. Haka na gaya wa kaina, kuma gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa ina son aikina.

Bahago bai tayar wa Baba da maganar ba. Ya ci gaba da zuwa shago ƙarfe bakwai. Akwai aiki uku da aka karɓa ba a gama ba: ƙyauren mai kanti, gadon wata malama, da kabad ɗin kicin. Ya gama su ɗaya bayan ɗaya. Innarmu ta ce a kwanakin ba a jin komai a shagon sai zarto. Baba ya ce miƙo kaza, ya miƙa. Ranar ashirin da tara ya kai kabad ɗin ya kafa, ya dawo ya share shago, ya wasa duk abin da ke da baki, ya jera su a akwati. Kayan aikin duk na Baba ne. Ya ajiye makulli a kan benci ya ce, "Kawu, na tafi." Baba ya ce, "Sai da safe." Bai zo da safe ba.

"Zai dawo," in ji Baba da na shiga gaishe shi. "Mai iyali ne. Bari yunwa ta yi masa magana."

Ranar uku ga wata kwamiti ya zauna. Shugaba ya sa aka kira mai ƙara sau uku a bakin ƙofa. Ba kowa. Ya ce in rubuta an kori ƙara saboda mai ita bai halarta ba. Na ce ina da shaida ko da ba ya nan. Ya ce shaida ba ta tsayawa ba mai ƙara. Mai Rufi ya kalli silin. Baba na zaune, hannuwansa cikin aljihu, har aka tashi. Na rubuta.

Matar Bahago ce ta gaya min yana wurin ginin otal ɗin. Na je da rana, lokacin hutun cin abinci. Mai gadi ya hana ni shiga ba hular kwano, sai na tsaya a bakin shinge na aika a kira shi.

Ya fito da falanki huɗu a kafaɗa, ya sauke su a gefen shingen. Ya sa rigar lebura mai ruwan lemo, ta yi masa kaɗan. Siminti ya yi fari a gwiwar wandonsa.

"Sakatariya. Kin zo duba ma'aikata?"

"An kira ka sau uku jiya."

"Na ji. Nan ma ana kirana, kuma nan ana biya."

"Lebura, Bahago?"

"Lebura ba ya buƙatar hatimi." Ya nuna sama da haɓa, wajen hawa na biyu. "Kin san wa nake ɗauko wa katako? Gajere, mai lamba huɗu. Jiya ya yanka tsagi a karkace, ya kira ni gefe ya ce don Allah in duba masa kafin foman ya zo. Na gyara masa. Ya saya min lemo."

"Foman bai gani ba?"

"Ya gani. Ya kau da kai. Ba ni da izinin taɓa zarto a nan."

Na ciro fom daga jaka. Na ce an buɗe rajistar baɗi, na gyara layi na shida, yanzu an rubuta ƙarara cewa allon tsakiya a bar shi a sake. Na ce zan nemi a cire duk alƙalin da yaronsa ke cikin masu jarrabawa. Na ce kamfanin zai sake ɗauka idan an fara ɓangare na biyu.

Ya goge hannu a riga ya karɓa ta cikin shingen. Ya karanta shafin farko. Ya juya. A ƙasan na biyu ya tsaya.

"Wannan fa?"

"Sa hannun maigida."

"Wane maigida?"

"Wanda ka yi wata goma sha biyu na ƙarshe a shagonsa, ba yankewa."

"Nan ba ya ciki?"

"Sai shagon da ke da rajista da ƙungiya."

"Idan na je wani shagon?"

"Sai tsohon maigida ya rubuta ya sake ka."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Wato sai na koma."

"Haka dokar ta ce."

"Wa ya rubuta ta?"

"Ni."

Daga sama wani ya leƙo ya kira lebura, ya ce ina falankin. Bahago ya ɗaga hannu alamar yana zuwa. Ya miƙo min fom ɗin ta shingen. Ban karɓa da wuri ba, sai ya saƙale shi a wayar.

"Ki gaida Inna," ya ce.

Ya durƙusa ya daidaita falankin huɗu baki ɗaya, ya ɗora a kafaɗa, ya shiga ginin.